Gaskiya ko Jita-jita: Ruwa Kaɗai Ya Isa Ya Sanyaya Kwamfuta?

A Wad Haddad, kan hanyar Wad Madani zuwa Sennar, ba sai an koya wa kowa cewa ruwa na kawo sanyi ba. Randar ƙofar gida, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke kira zir, ta isa shaida. Shi ya sa da ɗan yayata ya dawo daga Saudiyya da kwamfutar da ya harhaɗa da hannunsa, ruwa na zagayawa a cikin tiyo, sai ya ɗauka shi da zafi sun yi hannun riga. Da bazara ta kankama, kwamfutar ta fara jan ƙafa. Ya same ni ya ce, "Kawu, ruwan ne bai yi sanyi ba."

Wannan ita ce babbar jita-jitar, kuma randa ce ta haife ta. Randa na sanyi ne don tana tsattsafo, iska ta busar da danshin bayanta, zafi ya tafi tare da shi. Ruwan kwamfuta kuwa a rufe yake ruf. Ɗan dako ne kawai: ya ɗauko zafi daga ƙwaƙwalwar na'urar, ya kai lagireto, fanka ta hura shi cikin ɗaki. Saboda haka ba zai taɓa fin iskar ɗakin sanyi ba. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin yankinmu na Jazira ke haura digiri 40, daga nan ruwan zai fara lissafi. Wanda ya gwada tasa a ɗaki mai digiri 22 ya riga ka da kusan digiri 20 tun ba a kunna ba.

Masu cewa a jefa ƙanƙara, su bari. Raɓa za ta taru a jikin tiyo, ta ɗiga kan allon lantarki.

Akwai kuma masu cewa ruwa ai ruwa ne. Duk wanda ya ga Shuɗin Nilu a Agusta, ya yi jawur da laka daga tuddan Habasha, ya san ba haka ba ne. Ko an tace shi, ko na rijiya ne, yana ɗauke da gishirin ƙasa da ke daskarewa a siraran hanyoyin farantin da ke kan ƙwaƙwalwar, ga gansakuka. Ruwan da aka tato daga tururi ake so, irin na ƙara wa batir, ba mai asid ba, tare da maganin hana gansakuka. Kada kuma a haɗa jan ƙarfe da alminiyam a zagaye ɗaya, domin alminiyam ɗin zai cinye.

Shin ganin digiri 90 na nufin ta kusa ƙonewa? A'a. Yawancin ƙwaƙwalen Intel sai sun kai 100 suke rage gudu don kare kansu, Ryzen 7000 na AMD kuwa an ƙera su su yi aiki har 95. Abin dubawa shi ne yadda zafin ke hawa. In ya yi tsalle nan take alhali ruwan bai ɗumama ba, farantin bai zauna daidai ba, ko man da ake shafawa a tsakani ya bushe, ko an manta ledar da ke manne a gindinsa. In tiyo ɗaya ya yi zafi ɗaya na sanyi, famfo ya tsaya ko iska ta maƙale. In kuwa a hankali yake hawa, lagireto ne ba ya numfashi.

Zafin kwamfutar ɗan yayata a hankali yake hawa. Muka kwance lagireton, na ɗaga shi saitin taga, ko ɗigon haske bai ratsa ba. Ƙurar guguwar habub ta yi masa dabe kamar bargo. Muka fitar da shi tsakar gida muka hure, muka janye akwatin daga jikin bangon yamma da rana ke gasawa, aiki mai nauyi kuma ya mayar da shi bayan sallar asuba.