Me Ya Sa Ake Gwada Ƙarfin Tafiyar Mai Ciwon Bawul Ɗin Zuciya?

Zuciya tana da bawul huɗu, aikinsu su bar jini ya wuce gaba, su hana shi dawowa. Wanda aka fi yi wa gyara shi ne na mitral, a ɓangaren hagu. A ƙasashenmu, sau da yawa abin da ke lalata shi ciwon maƙogwaro ne na ƙuruciya da ba a magance ba, wanda daga baya yake taɓa zuciya.

Bawul kan yi shekaru yana yoyo, mai shi bai farga ba. Ya daina hawa bene, kasuwar da a da yake takawa yanzu sai da babur, ya ce ai girma ne ya zo. Likita ya tambaye shi, ya ce lafiya lau. Ba ƙarya ya yi ba, jikinsa ne ya rage aiki a hankali.

Abin da gwajin motsa jiki ke tonawa ke nan. Ana manna masa wayoyi a ƙirji, a ɗaura masa abin awon jini a dantse, ya hau na'urar tafiya. A tsarin da Robert Bruce ya fitar a Amurka a 1963, duk minti 3 ana ƙara sauri da tudu. Likita na tsaye yana lura: yaushe haki ya fara, bugun zuciya ya rikice ko bai rikice ba, awon jini ya hau yadda ya kamata ko faɗuwa ya yi. Faɗuwar nan alama ce mai nauyi. Wani lokaci a rufe masa baki da hanci da takunkumi don auna iskar oksijin da yake sha, ko a ɗauki hoton zuciyar da zarar ya sauko. Inda babu na'ura, ana auna nisan da zai iya takawa cikin minti 6 a baranda mai tsawon mita 30.

Amfanin duka shi ne sanin lokacin tiyata. In aka jira har tsokar zuciya ta saki, ko an gyara bawul ƙarfinta ba lalle ya dawo duka ba. Bayan tiyata ma ana maimaita gwajin, don tsara masa motsa jiki daidai ƙarfinsa.

Amma ba kowa ake ɗorawa ba. Wanda bawul ɗinsa na awota, wato babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, ya tsuke sosai, kuma yana suma ko ciwon ƙirji, gwajin haɗari ne gare shi.

In an ce bawul ɗinka na yoyo, faɗa wa likita abubuwan da ka daina yi, ko da kana ganin ƙanana ne.