BABI NA HUƊU: IZINI DA HAƘƘIN MALLAKA WAJEN BUGA ZANTUKAN MANOMAN ZAKIRAI

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin duba matsalolin da ke tasowa idan aka ɗauki abin da manomi ya faɗa da bakinsa aka mayar da shi rubutu, sannan aka buga a littafi ko mujalla. Za a dubi tambayoyi biyu. Ta farko, wane ne mai wannan magana bayan an buga ta? Ta biyu kuwa, wane irin izini ya kamata a nema kafin a buga?

4.1 Irin Ilmin da ake Tarawa

Zakirai ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa, a arewa maso gabas da birnin Kano. Tana cikin yankin nan mai cunkoson jama'a da ke kewaye da birnin, wanda Mortimore da Wilson suka yi nazari a kansa a 1965. A wannan yanki gonaki ƙanana ne, kuma ba a cika barin gona ta huta ba. Saboda haka manoma suka dogara da takin dabbobi da shara, da haɗa gero ko dawa da wake ko gyaɗa a gona ɗaya, da adana harawa domin kiwo. Masu lambu kuma suna da nasu dabaru na renon iri da ban-ruwa da maganin ƙwari.

Mafi yawan wannan ilmi ba a rubuce yake ba. Ɗa yana koyonsa ne wurin mahaifinsa a gandu, ko a majalisa, ko a kasuwa. Ke nan duk wanda ya zo da rikoda ko biro ya ɗauka, shi ne mutum na farko da ya ba wa maganar siffar da za a iya bugawa a sayar.

4.2 Waiwaye

Wannan al'amari ba sabo ba ne a ƙasar Hausa. Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa a juzu'i uku. Malamai ne suka rubuta yawancin abin da ke ciki da ajami, amma da sunan Edgar aka san aikin. Haka kuma tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo daga bakinta a Giwa ta ƙasar Zazzau. Baba ta rasu a 1951, littafin kuma ya fito a Landan a 1954. Babu shakka waɗannan ayyuka sun adana abin da da ya ɓace. Sai dai sun nuna cewa sau da yawa mai magana daban ne, wanda aka sani da littafin kuma daban.

4.3 Matsayin Doka

Nijeriya ta yi dokar soja mai lamba 47 a kan haƙƙin mallaka a 1988. Daga baya aka maye gurbinta da dokar 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023. Abubuwa uku ne a cikinta suka shafi wannan nazari.

Na farko, doka ba ta kare dabara ko hanyar yin abu, sai dai kalmomin da aka bayyana ta da su. Idan manomi ya ce a gauraya wake da toka kafin a adana shi, kowa yana iya yin haka, kuma kowa yana iya rubuta shi da nasa kalmomi. Abin da aka hana shi ne kwafe zubin bayanin wani ba da izininsa ba.

Na biyu, aiki ba ya samun kariya sai an adana shi a wani abu tabbatacce, kamar takarda ko kaset ko waya. A nan ne manomi yake da rauni, domin muddin maganarsa tana baki kawai, ba ta cika wannan sharaɗi ba. Idan kuma aka ɗauke ta, haƙƙin sautin yana komawa ne ga wanda ya shirya ɗaukar. A Ingila ma, a shari'ar Walter da Lane ta 1900, kotun ƙoli ta ƙasar ta yanke cewa rahoton da wakilan jaridar The Times suka rubuta na jawaban Lord Rosebery yana da nasa haƙƙin mallaka. Duk da haka, mallakar kaset ko rahoto ba ta share cewa kalmomin daga bakin wani suka fito ba. Haƙƙin aikin adabi kuwa yana ɗorewa har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, wato magada ma abin ya shafe su.

Na uku, dokar ta ware babi ga adabi da fasahar gargajiya, kamar tatsuniyoyi da kacici-kacici da waƙoƙin jama'a. Idan za a yi amfani da su domin kasuwanci, Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce ke da ikon ba da izini. An sassauta wa harkar ilmi, amma a duk abin da aka buga dole a ambaci al'umma ko wurin da aka samo shi. Saboda haka ɗalibin da ya sa waƙar gayya a kundinsa hukuncinsa daban ne da na maɗaba'ar da za ta buga ta ta kai kasuwa.

4.4 Batun Izini

Ko da doka ba ta hana ba, akwai haƙƙin amana. Manazarci yakan fara da gaida dagaci ko mai unguwa, kuma hakan ladabi ne da ya wajaba. Amma yardar dagaci izinin shiga gari ce kawai, ba ta zama yardar wanda aka yi hira da shi ba. Haka nan wanda ya yarda a yi hira da shi bai yarda a buga ba, sai an faɗa masa. A tsakiyar bayanin taki, manomi yana iya ambaton jinginar gonarsa, ko bashin da ake bin sa, ko rikicin gado tsakaninsa da 'yan'uwansa. Idan aka buga wannan da sunansa da unguwarsu, an tona masa asiri a garin da kowa ya san kowa, kuma wani na iya ɗaukar littafin ya kafa hujja da shi. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to balle wadda ta shiga takarda. Bugu da ƙari, dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ƙarfafa neman yardar mutum kafin a sarrafa bayanansa.

Don haka ya kamata a bayyana wa mai magana inda za a buga, da ko za a sayar. A karanta masa abin da aka rubuta ya ji da kunnensa. A ba shi zaɓi ko a sa sunansa ko a sakaya. Wanda ba ya karatun boko a ɗauki yardarsa da murya a gaban shaida. Matan da ke cikin gida kuwa, ya fi dacewa mace ta nemi yardarsu su da kansu.

Wannan ba ya nufin a daina bugawa. A 1994 Ofishin Mallakar Ƙirƙira na Turai ya ba kamfanin W. R. Grace da ma'aikatar noma ta Amurka takardar mallaka a kan amfani da man darbejiya wajen maganin cutar tsirrai. An soke ta a 2000 bayan an kawo shaidar cewa an riga an san wannan amfani a Indiya. Ke nan rubuta ilmin manoma tare da ambaton asalinsa yana iya zama garkuwa gare su.

4.5 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa doka ta fi kare wanda ya rubuta ko ya ɗauka a kan wanda ya faɗa, kuma ba ta kare dabarar noma ita kanta. Saboda haka babban abin da manomin Zakirai ya dogara da shi shi ne gaskiyar manazarci: ya nemi izini a fili, ya ambaci inda ya samo, ya kuma sakaya abin da zai cutar da mai shi.