Ɗalibi Mai Gida Biyu: Rajistar Zaɓe da Ƙuri'ar Nesa a Jami'o'in Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ɗaliban manyan makarantu a Amurka suke yin rajistar zaɓe, da yadda suke kaɗa ƙuri'a idan zaɓe ya riske su nesa da gida. Ta nuna cewa tushen matsalarsu shi ne batun mazauni, domin doka ta ɗaure ƙuri'a da wuri guda, alhali rayuwar ɗalibi a rabe take tsakanin garinsu da makaranta. Daga ƙarshe an waiwayi halin da ɗaliban Nijeriya suka shiga a zaɓen 2023.

1.0 Gabatarwa

Ana gudanar da babban zaɓen Amurka ne a ranar Talatar da ke bin Litinin ta farko a watan Nuwamba, wato a tsakiyar zangon karatu. Ɗalibin da iyayensa ke wata jiha mai nisa yana da hanyoyi biyu: ko dai ya yi rajista a garin da makarantarsa take, ko kuma ya riƙe rajistar gida ya nemi a aiko masa da takardar ƙuri'a ta gidan waya. Wannan hanya ta biyu ita aka kira "ƙuri'ar nesa" a wannan maƙala. Kowace hanya da irin nata cikas, musamman da yake jihohi da gundumomi ne ke tafiyar da zaɓe, ba wata hukuma guda ta tarayya ba.

2.0 Shekaru da Mazauni

Kafin 1971, yawancin jihohi ba sa barin wanda bai kai shekara 21 ba ya yi zaɓe. Yaƙin Biyetnam ya ƙarfafa hujjar masu cewa wanda ya isa a tura shi fagen daga ya isa zaɓen shugabanninsa. A shekarar ne aka amince da gyara na 26 ga tsarin mulki, wanda ya mayar da shekarun zaɓe 18. Nan take miliyoyin ɗalibai suka cancanta, sai kuma tambaya ta taso: a ina za su yi zaɓen?

A 1972 Kotun Ƙoli ta soke dokar jihar Tenesi da ta wajabta wa mutum zaman shekara guda a jihar kafin ya yi rajista, tana mai ganin kwana 30 sun wadatar wajen shirya kundin masu zaɓe. Sai dai shari'ar da ta fi shafar ɗalibai ta fito ne daga gundumar Waller ta jihar Teksas, mazaunin Jami'ar Prairie View A&M, wadda galibin ɗalibanta baƙar fata ne. Jami'in rajistar gundumar, LeRoy Symm, ya riƙa ba ɗalibai takardar tambayoyi ta musamman: ko sun mallaki kadara a gundumar, da inda suke zama lokacin hutu, da ko suna da niyyar dawwama a wurin. Kotun tarayya ta yanke cewa hakan ya saɓa wa gyara na 26, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hukuncin a 1979. Tun daga nan ba a yarda a ɗora wa ɗalibi sharaɗin zama fiye da na sauran jama'a ba, kuma ɗakin kwanan makaranta na iya zama adireshinsa na zaɓe.

3.0 Rajista

Dokar rajista ta ƙasa ta 1993 ta ba da damar yin rajista ta gidan waya ko yayin neman lasisin tuƙi, ta kuma hana rufe rajistar zaɓen tarayya fiye da kwana 30 kafin ranar zaɓe. A 1998 aka wajabta wa jami'o'in da ke cin gajiyar tallafin tarayya su yi iya ƙoƙarinsu wajen raba wa ɗalibai fom ɗin rajista. Duk da haka, bambancin jihohi na nan daram. A Minesota da Wiskonsin mutum na iya yin rajista a ranar zaɓe, Dakota ta Arewa kuwa ba ta da rajistar sam, yayin da Teksas ke rufe tata kwana 30 kafin zaɓe.

Akwai kuma batun shaida. Dokar Teksas ta 2011 ta amince da lasisin riƙe bindiga a matsayin shaidar mai zaɓe, amma ba ta amince da katin ɗalibi ba. Ga shi kuma ɗalibi kan sauya ɗaki kusan kowace shekara, kowane sauyi kuwa na iya bukatar gyaran adireshi a kundi.

4.0 Ƙuri'ar Nesa

Wannan tsari ya bunƙasa ne a lokacin Yaƙin Basasa, inda sojoji da yawa suka yi zaɓen 1864 daga sansanoninsu. A yau jihohi sun kasu uku. Akwai irin su Oregon da Kolarado da ke aika wa duk mai rajista takardar ƙuri'a ba sai ya nema ba. Akwai masu ba duk wanda ya nema ba tare da ya kawo uzuri ba. Akwai kuma irin su Teksas da ke neman uzuri, kamar kasancewa a wajen gunduma a duk kwanakin zaɓe.

Matakan aikin a saukake suke a ido: ɗalibi ya cike takardar nema, a aiko masa da ƙuri'a, ya zaɓi gwaninsa, ya rufe ambulan, ya sa hannu, ya mayar. Amma kowane mataki da wa'adinsa. Wasu jihohi ba sa ƙirga ƙuri'ar da ta iso bayan rufe rumfuna. Wiskonsin na neman sa hannun shaida, Oklahoma na neman hatimin jami'in rantsuwa, wasu kuma na kwatanta sa hannun da ke kan ambulan da wanda ke kundi. Sabon mai zaɓe, wanda hannunsa bai zauna ba tukuna, na iya rasa ƙuri'arsa a nan. Ɗaliban da ke karatu a ƙetare kuwa, dokar tarayya ta 1986 ta kare haƙƙinsu, gyaran 2009 kuma ya wajabta aika musu da ƙuri'a kwana 45 kafin zaɓe.

Duk hanyar da ɗalibi ya bi, wuri guda kawai zai yi zaɓe. Yin sa sau biyu laifi ne. Binciken Jami'ar Tufts ya nuna cewa kashi 66 cikin ɗari na ɗalibai sun yi zaɓe a 2020, shekarar da annoba ta sa aka sassauta ƙa'idojin ƙuri'ar nesa, saɓanin kashi 52 a 2016.

5.0 Waiwaye ga Nijeriya

Dokar Zaɓe ta 2022 ta sassauta batun mazauni, domin ta bar mutum ya yi rajista inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko a mahaifarsa. Abin da ba ta tanada ba shi ne ƙuri'ar nesa: dole mai zaɓe ya je rumfarsa da ƙafarsa. Yajin aikin malaman jami'o'i ya ɗauki daga Fabrairu zuwa Oktoba 2022, rajista kuma ta rufe ranar 31 ga Yuli, don haka ɗalibai da yawa a gida suka yi ta. Da zaɓe ya ƙarato, aka rufe jami'o'i daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris 2023. Hukumomi sun kafa hujja da tsaro, amma rufewar ce ta ba ɗalibai damar komawa rumfunansu, da asarar makonni uku na karatu.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kai wa shekarun zaɓe bai wadatar ba muddin ba a warware batun mazauni ba. Amurka ta warware shi ta fuska biyu, wato amincewa da makaranta a matsayin gida, da kai ƙuri'a inda ɗalibi yake, ko da yake ƙa'idojin jihohi na ci gaba da tankaɗe wasu. A Nijeriya fuska ta farko kaɗai ke buɗe, saboda haka ɗalibin da bai sauya rumfarsa zuwa makaranta a kan lokaci ba, sai dai ya biya kuɗin mota ko ya haƙura da zaɓen.