Idan Ƙungiyar da Ta Durƙushe Ta Kira Koci, Ya Amsa ko Ya Ƙi?

Duk mai horar da 'yan wasa da sunansa ya fara fita, wata rana sai ya ci karo da wannan shawara. Yana zaune lafiya a ƙungiyar da ke cin wasanninta, sai saƙo ya zo daga wata da ta durƙushe, 'yan wasanta sun watse, magoya baya sun daina zuwa fili, ana roƙonsa ya zo ya tashe ta. 'Yan'uwa da abokan arziki yawanci sukan ce ya zauna inda Allah ya rufa masa asiri. Haka abin yake ga kocin ƙwallon kwando na babbar jami'a a Amurka, haka yake ga malamin motsa jiki da aka ce ya bar wata lise a Yamai ya koma Filinge ko Bonkuku. A ganina ya kamata ya amsa kiran, amma sai in an ba shi abu biyu a rubuce: isasshen lokaci, da wuƙa da nama a kan aikinsa. Matsayin ƙungiyar a teburin gasa shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya dame shi.

A ƙwallon kwando babu misalin da ya kai na Scott Drew. A shekarar 2003 yana horar da ƙungiyar jami'ar Valparaiso da ke jihar Indiana, kujerar da ya gada daga mahaifinsa, kuma ya ci wasa 20 a kakarsa ta farko. A wannan shekarar ce masifa ta afka wa jami'ar Baylor a Texas: wani ɗan wasa ya harbe abokin wasansa har lahira, bincike ya tona maguɗin kuɗi, kocin ya ajiye aiki cikin kunya, manyan 'yan wasa suka yi ta kansu. Drew yana ɗan shekara 32 ya karɓi wannan kango. Kakarsa ta farko ya ci wasa 8 ya sha kaye a 21, kuma a kakar 2005 zuwa 2006 hukumar wasannin jami'o'i ta hana su karawa da kowa sai ƙungiyoyin rukuninsu. Shekara huɗu a jere kayen da ya sha ya fi nasarar da ya samu. Sai a 2008 ya kai su babbar gasar ƙasa, sai a 2021 suka ɗauki kofin bayan sun doke Gonzaga da ci 86 da 70. Mutane sukan yaba jarumtarsa, kuma ya cancanci yabo. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shugabannin jami'ar da suka ga shekara huɗu na kaye ba su kore shi ba, ba su kuma ɗora masa wani a ka ba.

Mu a Nijar mun ga abin da ke faruwa in aka rasa wannan. Harouna Doula ya karɓi Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, lokacin da ba ta taɓa leƙa gasar cin kofin Afirka ba. A watan Oktoba na 2010, a filin wasa na Janar Seyni Kountché, Mena ta doke Masar mai riƙe da kofin da ci 1 da nema, Moussa Maazou ne ya zura ƙwallon. Bayan shekara guda, a ranar ƙarshe ta share fage, 'yan wasan Afirka ta Kudu, da ke rukuni ɗaya da Mena, suka tashi canjaras da Saliyo, suka shiga rawa a tsakiyar fili suna ɗaga wa 'yan kallo hannu, a zatonsu sun haye. Ashe ƙa'idar gasar ta ba Nijar gurbin. A watan Disamba na 2011 hukumar CAF ta zaɓi Doula gwarzon kocin Afirka. Wata guda bayan haka, da Gabon ta ci Mena 2 da nema a wasan farko na gasar a Libreville, sai aka janye masa ragama aka miƙa wa Bafaranshe Rolland Courbis, wanda da farko mai ba da shawara aka ce ya zo yi. Sauyin bai hana Tunisiya da Maroko cin Mena ba. Mutumin da ya yi aikin da ba wanda ya taɓa yi, kaye ɗaya ya isa a maida shi gefe, domin ikon da yake da shi na fatar baki ne.

Masu cewa koci ya zauna inda yake suna da hujja, kuma babbar hujjarsu ita ce suna. Sukan ce ƙungiyar da ta lalace tana lalata wanda ya taɓa ta, kuma in ya fito da tarin kaye ba wanda zai sake nemansa. Tarihin Mena bai gaskata wannan ba. Gernot Rohr, wanda shi ne kocin Gabon ɗin da ta ci mu, ya karɓi Mena a watan Satumba na 2012, ya fitar da Gini, ya kai ta gasar 2013 inda ta sami makinta na farko da ta yi canjaras da Kwango. Ya bar aikin a 2014 ba tare da wani kofi ba, amma Burkina Faso ta ɗauke shi, a 2016 kuma Najeriya ta ba shi Super Eagles, ya kai su gasar duniya ta 2018. Badou Zaki, gwarzon ɗan wasan Afirka na 1986 da ya kai Maroko wasan ƙarshe na kofin Afirka a 2004, ya karɓi Mena tana buga wasannin gida a ƙasashen mutane domin filin Yamai bai cika sharuɗɗa ba. A Nuwamban 2024 ya ci Sudan 4 da nema, ya bi Ghana har Accra ya ci ta 2 da 1, maki ɗaya tak ya hana shi hayewa zuwa gasar cin kofin Afirka. Masu ɗaukar koci sun san ƙwallo, sun san bambancin wanda aka ba kayan aiki ya ɓata da wanda ya tarar da kango ya ɗaga shi.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta amana da ta iyali. Koci ya ɗauko yara tun suna ƙanana, iyayensu sun damƙa masa su, sai ya bar su ana tsakiyar tafiya? Ga kuma albashi: ƙungiyar da ba ta cin wasa sau da yawa ita ce wadda ba ta biyan kuɗi a kan lokaci, kuma mai iyali ba zai ciyar da gidansa da alkawari ba. A jihar Tilaberi, inda Filinge take, akwai ƙarin damuwa ta tsaro, wadda ta sa aka rufe ɗaruruwan makarantu. Ban ga laifin wanda ya dubi waɗannan ya ce ba zai je ba. Sai dai amsarsu tana cikin yadda ake tafiyar. Ya jira kaka ta ƙare, ya faɗa wa yaransa da bakinsa kafin su ji a rediyo, ya bar mataimakin da ya horar. Batun kuɗi kuwa a gama shi tun kafin ya ɗaure kaya, a kwantaragi mai sa hannu.

Saboda haka tambayar da zai yi ita ce me ya kayar da ƙungiyar. Manomin dankalin turawa a Imanan, wato yankin Bonkuku, in zai kama sabuwar gona a cikin kwarin dallol, ba ya tsayawa kan abin da mai ita ya girba bara, zurfin ruwan rijiyar yake dubawa. In rashin tsari da rashin horo ne suka durƙusar da ƙungiya alhali yara na nan, koci nagari zai gyara. In kuwa shugaba ne ke aiko da sunayen waɗanda za su buga, ko kuɗin motar zuwa wasa ke ɓacewa tsakanin ofis da fili, to ko wa aka kawo haka zai tashi.

A ƙasar Kurfai da Imanan, wato yankin Filinge da Bonkuku, yara ba su yi ƙaranci ba. Da la'asar sakaliya za ka same su a filin makaranta ba takalmi, sun kafa duwatsu biyu a matsayin raga, ƙwallo ɗaya tsakanin unguwa guda. Ƙwallon kwando kuma ba ta bukatar fiye da daɓen siminti, allo biyu da zobe biyu, da mutumin da ya san yadda ake koyar da ita. Wannan mutumin ne ake rasawa, domin waɗanda suka fito daga makarantar horar da malaman wasanni ta INJS sun fi son zama a Yamai, wadda ba ta kai kilomita 200 daga Filinge ba. A birni koci na ɗaya daga cikin masu yawa, in ya tafi gobe a sami madadinsa. A nan zuwansa ne zai sa a yi wasan ko a bar shi.

Kira na ga magadan gari, shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyayen yara na wannan yanki: in kun nemi koci, ku ba shi aƙalla shekara uku a rubuce, ku biya shi haƙƙinsa a kan kari, ku bar masa zaɓen 'yan wasansa. Kai kuma malam koci, in sun yi maka wannan, ka zo.