Daga murya zuwa rubutu: Yadda jagorancin jirage ke sauyawa a samaniyar Masarautar Gumel

Duk wanda ya san Maigatari ya san iyakar Najeriya da Nijar, inda ake da shinge da jami'an kwastam da na shige da fice, ga kuma kasuwar dabbobi da ke ci duk ranar Alhamis. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne akwai wata iyakar a sama, wadda ba ta da shinge, amma jirage ba sa ƙetare ta sai da izini.

Ƙananan hukumomi huɗu na Masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, suna bakin arewa na yankin samaniyar da ake kira Yankin Kano, wanda ya ƙunshi sararin samaniyar Najeriya baki ɗaya, kuma Hukumar Kula da Sararin Samaniya ta Ƙasa, NAMA, ke tafiyar da shi. Da jirgi ya wuce Maigatari ya yi arewa, ya shiga Yankin Yamai, wanda ke hannun hukumar ASECNA mai hedikwata a Dakar.

Daga Kano zuwa Maigatari a miƙe bai wuce kilomita 140 ba. Jirgin da ke gudun kilomita 850 a awa zai cinye wannan tazara cikin kusan minti 10. A wannan ɗan lokaci dole jami'in Kano ya tabbata takwaransa na Yamai ya san da zuwan jirgin, da tsayin da yake, da lokacin da zai iso iyaka.

Inda rediyo ke gazawa

Tun daga 1 ga Nuwamba 1925, lokacin da jiragen sojan saman Ingila uku suka sauka a Kano, birnin ya zama zango ga masu ratsa Sahara ta sama, kamar yadda ya daɗe yana zama zangon ayarin raƙuma. Shekaru da dama bayan haka, murya ta rediyo ce kaɗai igiyar da ke haɗa matuƙi da mutanen ƙasa.

Rediyon da aka fi amfani da shi, mai suna VHF, yana da sauti garau, amma ba ya lanƙwasa ya bi doron ƙasa. Jirgin da ke ƙafa 35,000 zai iya jin tasha daga nisan kilomita 400 ko kusa da haka, daga nan sai shiru. Saboda haka jirgin da ke saman Gumel ko Gagarawa yana jin Kano sarai. Matsalar tana farawa ne idan ya nutsa cikin hamada, inda tashoshi ke da nisa da juna.

A can sai a koma wa rediyo mai gajeren zango, HF, irin wanda dattawa ke kama tashoshin waje da shi. Duk wanda ya taɓa saurarensa ya san halinsa: ƙara da tsaki, murya ta zo ta ɓace, musamman idan yanayi ya sauya.

Ga kuma batun harshe. A Najeriya da Turanci ake ba jirage umarni, a ƙasashen ASECNA kuwa ana jin Faransanci da Turanci a tasha ɗaya. Matuƙi ɗan Turkiyya da jami'i Bakano da wani matuƙin ɗan Habasha kowa da irin lafazinsa. Idan kuma mutum biyu suka danna maɓallin magana lokaci guda, babu wanda za a ji.

Wannan ya sa ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta daɗe tana umartar matuƙa a sassan Afirka da dama su riƙa shelanta wa junansu inda suke a kan mita 126.9, don ko da ba su samu jami'in ƙasa ba, kowa ya san wanda ke kusa da shi.

Kuskuren da ake biya da rai

Hatsarin da ya fi kowanne muni a tarihin sufurin sama ya faru ne a tsibirin Tenerife ranar 27 ga Maris 1977, inda jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi, mutum 583 suka rasu. Rashin fahimtar umarni da muryoyin da suka danne juna a rediyo na cikin abubuwan da suka jawo shi.

A gida Najeriya, ranar 7 ga Nuwamba 1996, jirgin kamfanin ADC da ya taso daga Fatakwal zuwa Legas ya faɗa ruwa a kusa da Ejirin yayin da matuƙansa ke ƙoƙarin kauce wa wani jirgin. Bincike ya nuna an samu ruɗani a kan tsayin da aka ba jirgin izinin bi. Duka mutum 144 da ke ciki sun rasu.

Yadda saƙon rubutu ke aiki

Maganin da duniya ta samo ya yi kama da saƙon tes na wayar hannu, sai dai ba ya bin layin MTN ko Airtel. Ana kiran tsarin CPDLC. Jami'i zai zaɓi umarni a kwamfutarsa, misali jirgi ya hau zuwa ƙafa 37,000, saƙon ya bi ta tauraron ɗan'adam ko tashar ƙasa, ya bayyana a wani ƙaramin allo a gaban matuƙa biyun.

Su kuma za su karanta, su danna amsa: sun karɓa za su aiwatar, ko ba za su iya ba, ko a dakata musu. Yawancin saƙonnin an riga an tsara kalmominsu iri ɗaya a duk duniya, don haka lafazi ba ya shiga ciki. Saƙo yana zuwa ga jirgin da aka nufa shi kaɗai, kuma yana nan a rubuce ga duk wanda ke son ya sake dubawa.

Abokin tafiyarsa shi ne ADS-C. A nan matuƙi ba ya cewa komai. Kwamfutar jirgi ce ke ƙulla yarjejeniya da kwamfutar cibiya, ta riƙa aiko da wurin da jirgin yake da tsayinsa da inda ya nufa bayan kowane 'yan mintuna. Idan ya kauce daga hanya ko ya sauya tsayi, nan take za ta sanar.

Idan jirgi ya doshi iyaka irin ta Maigatari, cibiyar da ke riƙe da shi tana iya sanar da kwamfutarsa cibiyar da za ta karɓe shi a gaba, sai haɗin ya koma can ba tare da an yi ta kiraye-kiraye ba.

An fara amfani da wannan fasaha a 1995 a kan tekun Pasifik. A Turai, tun watan Fabrairun 2020 ya zama wajibi ga yawancin jiragen da ke tafiya sama da ƙafa 28,500.

Inda Najeriya ta kwana

An kafa NAMA da dokar 1999. A watan Oktoban 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da aikin TRACON, wanda kamfanin Thales na Faransa ya yi, aka girka na'urorin rada a wurare tara: Legas, Kano, Abuja, Fatakwal, Maiduguri, Talata Mafara, Numan, Ilorin da Obubra. Radar Kano ce ke ganin jiragen da ke ratsa arewacin Jigawa.

A 2015 hukumar ta fara amfani da CPDLC da ADS-C a cibiyoyinta biyu na Kano da Legas, tare da kamfanin sadarwar jiragen sama na SITA. Buƙatar hakan ta ƙaru ne tun bayan Satumbar 2008, lokacin da Afirka ta rage tazarar da ke tsakanin jirgi da na samansa daga ƙafa 2,000 zuwa 1,000 a manyan hanyoyi. Sama ta ɗauki ƙarin jirage, amma wurin yin kuskure ya ragu.

A ɗaya ɓangaren iyakar, ASECNA, wadda aka kafa a 1959 kuma take kula da sama da murabba'in kilomita miliyan 16, ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Aireon don bibiyar jirage ta tauraron ɗan'adam a wuraren da rada ba ta kai ba.

Me ya shafi mutumin Sule Tankarkar?

Amsa ta farko ita ce aikin Hajji. Tun 2014 maniyyatan Jigawa ke tashi daga filin jirgin sama na Dutse, kuma tafiyarsu zuwa Saudiyya tana ratsa yankunan samaniya da dama, kowane da jami'ansa. Lafiyar uwa ko uban da aka raka sansanin alhazai ta dogara da yadda waɗannan cibiyoyi ke miƙa wa juna jirgin.

Ta biyu ita ce kuɗi. Idan jami'i ya san takamaiman inda kowane jirgi yake, zai iya barin matuƙi ya bi hanya mafi kusa a tsayin da ya fi tsimin mai. Kowane jirgin waje da ya ratsa samaniyar ƙasar kuma yana biyan kuɗin jagora, ko da bai sauka ba.

Abin da fasahar ba ta warware ba

Saƙon rubutu ba ya kore rediyo. Yana iya ɗaukar daƙiƙoƙi masu yawa kafin ya isa a amsa shi, don haka a lokacin sauka da tashi ko halin gaggawa murya ce ake amfani da ita. Haka kuma ba kowane jirgi ke da na'urar ba. Manyan jiragen da ke ratsa nahiyoyi ne suka fi cin moriyarta, yayin da yawancin tsofaffin jiragen cikin gida ke dogaro da rediyo.

Siyasa ma tana iya rufe hanyar da fasaha ta buɗe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sojojin Nijar sun rufe samaniyar ƙasar ranar 6 ga Agusta, aka yi kusan wata guda jiragen Turai na zagaye mai nisa. Iyakar ƙasa ta Maigatari kuwa ba ta buɗe ba sai a Maris na 2024. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 shi ma ya rufe hanyar da jiragen alhazai suka saba bi, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗinta ya ƙaru.

Sai babbar matsala, kuɗin kula da kayan aiki. Shugabannin NAMA sun sha bayyana cewa na'urorin TRACON sun tsufa kuma kayan gyaransu na wahalar samu, sannan Naira 11,000 da ake karɓa a kan kowane jirgin cikin gida ba ta sauya ba tun 2008. Ƙungiyoyin ma'aikatan sufurin sama sun yi ta ƙorafi kan kashi 50 cikin 100 da Gwamnatin Tarayya ta riƙa cirewa a 2024 daga kuɗin shigar hukumomin fannin. Ƙungiyar jami'an kula da zirga-zirgar jirage, NATCA, ta daɗe tana kokawa kan ƙarancin ma'aikata.

Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ita ce ke horar da waɗannan jami'ai, kuma horar da mutum ɗaya har ya zauna shi kaɗai a gaban allo na ɗaukar shekaru. Ko da saƙo ya koma rubutu, sai an samu ƙwararren da zai rubuta shi, da wutar da ba ta ɗaukewa a cibiyar Kano, da kuɗin sabunta na'urorin kafin su tsaya.