Fom ɗin APER: Idan Kowa Ya Ci Tamanin, Wa Aka Cuta?

Tun da Gwamnatin Tarayya ta ce za ta ajiye fom ɗin APER, wanda ake ba ma'aikata makin aikinsu na shekara-shekara da shi, ta koma sabon tsarin auna aiki da ake kira PMS, maganar ta gangaro har inuwar da ma'aikata ke shan iska a Sandamu da Daura. Wasu na cewa dabarar rage ma'aikata ce, suna tuna Kaduna a 2017, inda aka ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji aka sallame su. Sabon tsarin dai na ma'aikatan tarayya ne. Folasade Yemi-Esan ce ta ɗauko shi tana shugabar ma'aikata, Didi Walson-Jack ta gaje ta a 2024. Ma'aikacin ƙaramar hukuma da malamin firamare hukumominsu na jihar Katsina ne, sai dai abin da aka fara a Abuja ba ya daɗewa bai iso ba.

Ni ba tsoron ne ya dame ni ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu cewa tsohon tsarin ya fi adalci tunda ba ya cutar da kowa.

Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san yadda ake cike fom ɗin nan. Ba a tuna da shi sai ƙarin girma ya ƙarato. Daga mataki na 7 zuwa na 14 sai an shekara uku, don haka sai ka ga mutum ya ɗauko fom uku ya cike su a zama ɗaya, da biro ɗaya, ya tare oga a bakin mota. Oga ya ɗora a kan bonet, ya zuba maki, ya sa hannu. In ka tambaye shi ya ce, "Ba ni zan hana wani cin abinci ba." Kuma kada a yi saurin zarginsa. A gari kamar Sandamu, wanda za ka rage wa maki sahunku ɗaya a masallaci, gobe ku haɗu wurin suna, wataƙila ma surukin yayanka ne.

To amma akwai malamin da ke tada babur da sassafe ya nufi Fago ko Rijiyar Tsamiya, ko ana ruwa ko ana hunturu. Akwai kuma wanda tun da albashi ya koma shigowa ta waya ko ƙarshen wata ba a ganinsa. Dukansu sun ci maki tamanin. Na farkon ba zai yi faɗa ba, ba zai rubuta ƙorafi ba. Zai dai fara zuwa ƙarfe tara, sannan goma, da damina kuma gona ta ɗauke shi. Masanin halayyar ɗan Adam J. Stacy Adams ya bayyana wannan tun shekarun 1960: ma'aikaci yana gwada wahalarsa da sakamakonsa da na abokin aikinsa, in ya ga ba su daidaita ba, sai ya daidaita da kansa, ya rage wahalar.

Ko inda ake cike fom da gaskiya, akwai sauran rina a kaba. A shekarar 2000 Steven Scullen da abokan bincikensa a Amurka sun duba makin da aka ba manajoji sama da 4,000, suka tarar fiye da rabin bambancin makin daga ɗabi'ar mai bayarwa ya fito, ba daga aikin wanda aka auna ba. Kamar kasuwa ce da kowane mai awo ya zo da tasa tiyar: ta wannan mai zurfi, ta wancan an bubbuge gindinta, wani yana toro, wani yana shafewa. Gero ɗaya ne, amma buhunka ya danganta da rumfar da ka tsaya. Mayar da fom cikin kwamfuta ba zai gyara tiyar ba, tunda hannun da ke awon bai canja ba.

Abin da bincike ya fi nanatawa shi ne mutane sun fi jure ƙaramin maki a kan rainin wayo. Masani Jerald Greenberg ya bi wasu masana'antu a Amurka da aka yanke wa ma'aikatansu kashi 15 cikin ɗari na albashi na mako goma, ya fitar da sakamakon a 1990. Inda aka zauna aka yi musu cikakken bayani cikin girmamawa, sata ta ƙaru kaɗan. Inda aka sanar da su a tsaitsaye, ta ƙaru sosai. Kuɗin da aka yanke ɗaya ne.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Dattawa suna tuna kwamitin Udoji da ƙarin albashin da ya zubo a 1974 da bayanta, amma wannan kwamitin ne kuma ya ba da shawarar a daina rahoton sirri, ma'aikaci ya ga abin da aka rubuta a kansa, a tattauna da shi. Shi ya sa fom ɗin ke da gurbin da zai sa hannu cewa ya gani, ya kuma rubuta in bai yarda ba. Yawanci gurbin fayau yake zuwa, domin an sa hannu tun kafin oga ya rubuta komai. Sabon tsarin ya ce a farkon shekara shugaba da ma'aikaci su amince a rubuce kan aikin da za a yi, a riƙa dubawa kafin shekara ta ƙare. Hakan na bukatar shugaban da ya san inda ma'aikacinsa yake ranar Talata da hantsi, da kuma hukumar da za ta tsaya masa ranar da ya ba ɗan wani babba maki arba'in, waya ta fara ƙara.