Idon Tsohon Injin Faifan CD: A San Irinsa Kafin A Yi Ciniki

A wannan fitowa za mu yi magana ne a kan tsofaffin injinan faifan CD, irin manyan nan na ɗaki da ake haɗawa da amfilifaya da lasifika biyu. Suna shigowa cikin kayan gwanjo daga Turai da Japan, a gan su fes kamar ba a taɓa su ba. Mai saye ya biya, ya kai gida, bayan 'yan kwanaki injin ya fara tsallake waƙa, ko kuwa ya ƙi karanta faifai ɗungum. Mai gyara ya duba ya ce, "Ai ido ne ya mutu." To, daga nan ake fara rigima, domin wani idon ana samunsa da araha, wani kuwa kuɗinsa ya fi na injin, wani ma an daina yinsa tun tuni.

Bari mu fara da bayanin idon. Kamfanonin Sony da Philips ne suka haɗa kai suka fito da faifan CD. Injin farko da aka sa a kasuwa shi ne Sony CDP-101, a Japan, cikin 1982. Ba allura ke karanta faifan ba kamar garmaho. Wani ɗan ƙanƙanin fitila ne, ana ce masa leza, yake harba haske ta cikin gilashi zuwa gindin faifai, hasken ya dawo, injin ya mai da shi sauti. Faifan yana juyawa kamar sau 500 a minti idan ido yana kusa da tsakiya, ya ragu zuwa wajen 200 idan ya kai baki. Layin da idon yake bi kuwa siriri ne ƙwarai, ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Wannan fitila da gilashinta da 'yan wayoyin da ke ɗaga gilashin su sauke shi, su ne gaba ɗaya masu gyara ke kira ido. Fitilar tana tsufa, haskenta yana raguwa da yawan aiki.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya sani shi ne, sunan da ke rubuce a goshin inji sau da yawa ba shi ne na mai yin ido ba. Kamfanoni kaɗan ne suka yi idanu, saura saye suke yi su sa. Injinan Denon da Onkyo da Aiwa da yawa idon Sony ne a cikinsu, wanda lambarsa ke farawa da KSS. Na Marantz kuwa, na shekarun 1980 da 1990, galibi kayan Philips ne, masu lamba CDM. Akwai kuma na Sanyo, masu lamba SF. Saboda haka sai an buɗe murfi an karanta lambar da ke manne a jikin idon sa'an nan a san abin da ake ciniki a kai.

Mun kasa idanun nan kashi uku. Kashi na farko su ne waɗanda ake samun madadinsu ba wuya, kamar KSS-210A, KSS-213C, KSS-240A da Sanyo SF-P101N. A wajen Philips kuma akwai CDM-12.1, wanda VAM1201 da VAM1202 ke shiga gurbinsa, shi ne a cikin Marantz CD-63 na shekarun 1990. Amma a sani, Sony da Philips sun daina yin waɗannan. Yawancin sababbin da ake sayarwa a kwali kwaikwayo ne, wani ya yi shekaru yana aiki, wani tun ranar farko ya ƙi. Araha ba ta ado. A saya a hannun wanda zai karɓa ya musanya idan bai yi ba. A kuma lura da SF-P101N, domin iri biyu ne, akwai mai ƙafa 15, akwai mai ƙafa 16, ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya.

Kashi na biyu su ne na manyan injina masu tsada, kamar KSS-151A da KSS-190A. Ana samunsu a wasu injinan Sony na ajin ES, KSS-151A kuma shi ne a cikin Teac VRDS-10. Waɗannan an daɗe da daina yinsu. Wanda ya rage a hannun mutane tsohon ajiya ne, ko kuwa wanda aka cire daga wani injin, kuɗinsa kuma ba na wasa ba ne. Duk wanda aka kawo wa irin wannan inji ba ya karanta faifai, aka ce masa "ɗan gyara kaɗan ne", to ya taya shi a kuɗin mataccen inji.

Kashi na uku su ne na Philips masu hannu mai lilo, watau CDM-1, CDM-4 da CDM-9. A nan idon ba a kan sandar ƙarfe yake zamewa ba, a kan wani hannu yake mai kaiwa da komowa kamar na garmaho. Su ma ba a yinsu yanzu, sai dai an san su da ƙarko, musamman CDM-1 na cikin Philips CD104 wanda ya fito a 1984, mai gangar ƙarfe. Idan irin wannan ya ƙi karatu, sau da yawa laifin ba na ido ba ne. Akwai wata 'yar shuɗiyar kafasita mai lamba 33 a hanyar wutar leza, ita ke bushewa da tsufa. A canja ta da ɗan kuɗi kaɗan, sai ka ga inji ya tashi.

Wannan ya kawo mu ga maganar masu gyara. Kada a yanke wa ido hukunci sai an bi waɗannan. Da farko a goge gilashin a hankali da auduga da ɗigon sifirit, domin ƙurar hunturu da hayaƙi suna rufe shi. Na biyu, a duba sandar da ido ke tafiya a kai. Tsohon giris yana daskarewa, sai ido ya riƙa maƙalewa, waƙa ta riƙa tsalle a wuri guda. A share, a sa sabo kaɗan. Na uku, bel ɗin roba na ƙofa. Idan ya saki, faifai ba ya zama daidai, injin sai ya ce babu faifai. Na huɗu, ɗan moton da ke juya faifai, shi ma yana gajiya. Alamar idon da ya raunana da gaske ita ce, ya karanta faifan kamfani amma ya ƙi wanda aka kwafa a kwamfuta, domin na kwafi bai kai na kamfani mayar da haske ba. Daga baya sai ya fara ƙin na kamfanin ma.

Akwai wata al'ada da muke so mu ja kunne a kanta. A jikin ido, ko a allon da ke kusa da shi, akwai ɗan abin murɗawa mai ƙara wa leza wuta. Wasu sukan murɗa shi da ka, inji ya yi waƙa a gaban mai saye, a karɓi kuɗi. Wannan cuta ce, domin ƙarin wutar gaggauta mutuwar fitilar yake yi, wani lokaci ma nan take ta ƙone. Ba a taɓa shi sai da na'urar awo da littafin gyaran injin. A idanun Sony da yawa ma an buga adadin wutar da ta dace da kowane ɗaya a kan takardar jikinsa.

In kuwa ta tabbata sai an canja, to a cire wuta tukuna. Sabon ido yakan zo da wani ɗigon dalma da aka haɗe wuri biyu da shi, don kare fitilar daga wutar jikin mutum. Sai an gama ɗaurawa, an jona waya, sa'an nan a narkar da ɗigon a cire. Mai gyara da yawa ya manta da shi, ya ce an sayar masa da matacce. Faffaɗar wayar nan mai kama da takarda kuma a bi ta a sannu, tana saurin tsagewa. Kada kuma kowa ya leƙa cikin gilashin yana kunne. Hasken ba ya ganuwa sosai, amma yana iya yi wa idon mutum lahani.

Ga mai sayen inji a kasuwa, shawararmu ita ce ya tafi da faifai biyu, na kamfani da na kwafi. Ya sa, ya lura ko injin ya nuna adadin waƙoƙi cikin 'yan daƙiƙu. Ya tsallaka zuwa waƙar ƙarshe, ya komo ta farko. Ya bar shi ya yi kamar rabin sa'a, domin wani sai ya ɗau zafi yake nuna halinsa. Ya duba bayan injin kuma: na kasuwar Japan wutarsa 100 ce, na Amurka 120, tamu kuwa 230, in aka jona kai tsaye ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, ƙonewa zai yi. Idan mai kaya ya yarda a buɗe murfi, a rubuta lambar ido, a tambayi mai sayar da kayan gyara ko akwai shi da nawa ne, a cire wannan daga kuɗin da za a taya. Masu gyara kuma kada su zubar da mataccen inji. Ƙofarsa ko allonsa ya lalace, amma idonsa yana iya tayar da wani. A cire, a naɗe shi a takarda, a rubuta lambarsa a ajiye.